Sunan Chadi Ya Shiga Paris, 'Yan Chadi Suka Tsaya a Hanya

A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi warwas a hannun Jamus, cikin makonni shida kacal. Marshal Pétain ya miƙa wuya ya kafa gwamnati a garin Vichy, Janar De Gaulle kuwa ya tsallaka Landan yana shela a rediyon BBC cewa yaƙi bai ƙare ba. Baki dai yana da shi, amma ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa da zai nuna ya ce nan ce Faransar da yake magana da yawunta. Ƙasa ta farko a Afirka da ta ba shi wurin tsayawa ita ce Chadi. Gwamnanta, Félix Éboué, baƙar fata ne haifaffen Cayenne da ke Kudancin Amurka, jikan bayi, kuma ranar 26 ga Agusta ya sanar a Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, cewa Chadi ta bi De Gaulle. Nijar da ke maƙwabtaka da ita ta zauna a hannun Vichy har ƙarshen 1942, saboda haka na tsawon shekara biyu iyakar da ke tsakanin Nijar da Chadi iyaka ce tsakanin Faransa biyu da ba sa ga maciji da juna.

A cikin watan Agustan nan na 1940 ne wani manjo ya sauka Legas daga Ingila. Sunansa na yanka Philippe de Hauteclocque, ɗan gidan sarauta daga arewacin Faransa, wanda Jamusawa suka kama sau biyu yana kuɓuce musu. Ya ɗauki sunan Leclerc ne don kada a taɓa matarsa da 'ya'yansa shida da ya baro a gida. Daga Legas ya gangara Tiko, a ɓangaren Kamaru da ke hannun Ingila, ya shiga kwalekwale da mutane ashirin da 'yan kai cikin dare, ya sauka Douala. Kafin ya sauka ya ƙara wa kansa igiya ya zama kanar, don ya san hafsoshin da ke garin ba za su saurari manjo ba. Gari na wayewa, 27 ga Agusta, Douala ta zama ta De Gaulle ba tare da an zubar da jini ba. A Gabon abin bai zo da sauƙi haka ba, sai da Faransawa suka harbi Faransawa a watan Nuwamba. A Disamba aka tura shi Fort-Lamy ya karɓi ragamar sojojin Chadi.

Daga nan asalin Runduna ta Biyu ta Tankokin Faransa ya faro, wadda Faransawa ke taƙaita sunanta da 2e DB, kuma wadda duk ɗan makaranta a ƙasar ya san ita ce ta ƙwato Paris. Sai dai wanda ya ga abin da Leclerc ya tarar a Fort-Lamy ba zai yi mafarkin tanka ba. Rundunar 'yan mulkin mallaka ce, sunanta ma na 'yan Senegal ne ko da yake yawancin kuratanta 'yan kabilar Sara ne daga kudancin Chadi, da mutanen duwatsun Guéra, da direbobi 'yan Kamaru, da Tubawa masu raƙuma da suka san rijiyoyin hamada. Motocin kuwa na ɗaukar kaya ne, ƙirar Bedford da Chevrolet da duk abin da ya samu. Man fetur sai ya yi tafiyar watanni kafin ya iso, wani ta kogin Kwango da Bangi, wani ta Binuwai zuwa Garwa sannan a hau da shi mota. Kuma kada a ɗauka duk kuratan nan sha'awa ce ta kawo su. Masanin tarihi Eric Jennings, wanda ya yi littafi a 2014 kan yadda Faransar De Gaulle ta tsaya da ƙafar Afirka, ya nuna an matsa wa sarakunan gargajiya su kawo matasa, an kuma tilasta wa talakawa tatsar roba da haƙar zinariya don a sami kuɗin yaƙi. 'Yancin da ake nema wa Paris, da aikin tilas aka biya wani ɓangarensa.

Muhimmancin Chadi ga Ingila ma ba ɓoyayye ba ne, kuma a nan labarin ya ratsa ta ƙofar gidanmu. Jiragen yaƙin da ake kawowa cikin akwatuna a harhaɗa a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yau, hanyarsu zuwa Masar ita ce Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy, Junaina, Khartum. Dubban jirage sun bi wannan layi. Da Éboué ya bi Vichy, da an datse shi a tsakiya. Jamusawa sun gane haka, har suka turo jirgi guda ɗaya tak ya ratsa Sahara a Janairun 1942 ya ƙone ma'ajiyar man Fort-Lamy.

Leclerc bai jira kayan aiki ba. A farkon 1941 ya nufi Kufra, wani dausayi a kudu maso gabashin Libiya, fiye da kilomita 1,500 daga Fort-Lamy. Kufra ba baƙon suna ba ne ga wanda ya san tarihin fatauci da ɗariƙu: can ne cibiyar Sanusiyya ta koma a ƙarshen ƙarni na 19, kan hanyar ayarin da ke haɗa Bangazi da Wadai, kuma sai a 1931 Italiya ta ci garin da ƙarfin tsiya ta gina ganuwa a tudun El Tag. Mutanen Leclerc kimanin 400 ne, wajen 300 daga cikinsu 'yan Afirka, da motoci kusan 60, da igwa guda ɗaya. Wannan igwa ɗaya ita ta ci yaƙin. Bayan sun kori ayarin motocin Italiya da ke sintiri, suka zagaye ganuwar, suna harbi daga nan su ja igwar su koma can su sake harbi, har na ciki suka ɗauka runduna ce guda ta kewaye su. Ranar 1 ga Maris aka ɗaga farin ƙyalle. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawancin waɗanda ke cikin ganuwar ma askarawan Libiya ne, wato 'yan Afirka ne a waje, 'yan Afirka ne a ciki, Turawa kuma na ba da umarni ta kowane ɓangare.

Washegari, 2 ga Maris, Leclerc ya tara mutanensa ya sa suka yi rantsuwa cewa ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta kaɗa a kan babbar majami'ar Strasbourg. Ina yawan tunanin wannan tsayuwa. Uku cikin huɗu na waɗanda ke tsaye a rairayin nan ba su taɓa ganin Faransa ba, balle Strasbourg, birnin da ke bakin kogin Rhin wanda Hitila ya haɗe da Jamus. Mai yiwuwa wani saje ya fassara musu da Larabcin Chadi ko da Sara, mai yiwuwa kuma ba wanda ya damu ya fassara. Duk da haka da su aka yi rantsuwar, kuma jininsu ne ya sa ta sami daraja.

Kusan shekara biyu suka yi suna kai hari Fazzan suna komawa. A ƙarshen 1942 suka fito gaba ɗaya daga duwatsun Tibesti, mutum dubu uku da wani abu, mafi yawansu baƙaƙe. Sabha ta faɗi a Janairun 1943, Murzuk ta biyo baya, wato tsohon zangon ayarin Barno da ke bi ta Bilma, wanda fataken da suka fito daga ƙasar Hausa ma suka sani. Kafin watan ya ƙare suka isa Tarabulus, a yamutse, tufafi duk sun yage, suka haɗu da Runduna ta Takwas ta Janar Montgomery. Ingilishi suka ba su takalma da kaki, suka sa musu suna Force L. Ranar 10 ga Maris, a Ksar Ghilane da ke kudancin Tunisiya, motocin sulken Jamus suka afka musu, suka tsaya daram, jiragen Ingila na taya su daga sama, har Jamusawan suka juya. Wannan ne karo na farko da mutanen Leclerc suka kara da sojojin Hitila ido da ido, kuma ba su ba da kunya ba.

To, daga nan ne labarin ya karkace. A taron Anfa, a Kasabalanka, cikin Janairun 1943, Shugaba Roosevelt ya yarda Amurka ta ba sojojin Faransa makamai na zamani. Ranar 24 ga Agusta 1943 aka kafa 2e DB, aka tara ta a dajin Témara kusa da Rabat. Rundunar tankoki ba taron mutane da bindiga ba ce, masana'anta ce mai tafiya: mutum wajen 15,000, motoci kusan 4,000, tankoki sama da 200, yawancinsu ƙirar Sherman mai nauyin tan 30 da mutum biyar a ciki, ga makanikai, ga masu rediyo, ga masu gina gada, ga motocin mai da ba sa tsayawa. Daga tanka har maɓallin riga, komai na Amurka ne. Kuma sojan Amurka a lokacin a rabe yake, farare daban baƙaƙe daban, sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin a daina. Mai ba da ƙarfe shi ya zaɓi wanda zai hau shi. Aka tsame baƙaƙen da suka taso tun daga Fort-Lamy, wasu aka tura su rundunonin ƙafa, wasu aka juya da su kudu. Faransawa da kansu suna da sunan da suka ba wannan aiki, ma'anarsa mayar da runduna fara.

Hujjar da aka bayar wai ba su da ilimin sarrafa inji, wai kuma sanyin Turai zai kashe su. Direban da ya tuƙa Bedford daga tafkin Chadi zuwa Bahar Rum, yana gyara ta da waya da igiya a tsakiyar rairayi, shi ne aka ce bai san inji ba. Gaskiyar magana ta fito fili a wata takarda ta Janairun 1944 da Janar Walter Bedell Smith, babban hafsan ofishin Eisenhower, kwamandan sojojin ƙawance, ya sa wa hannu, wadda BBC ta tono a 2009. A ciki ya nuna an fi son rundunar Faransa da za a kai Ingila ta kasance ta farare, kuma 2e DB ce ta fi kusa da cika wannan sharaɗi. Ba zan ɗora wa Amurka laifin duka ba. De Gaulle yana son a ga Faransawa sun ƙwato birninsu da hannunsu, kuma hoton da yake so duniya ta gani bai ƙi ya zama fari ba. Abin dariya, in da abin dariya a ciki, shi ne a Nuwamban 1944 bataliya ta 761 ta Amurka, wadda baƙaƙen fata ne ke tuƙa tankokinta, tana yaƙi a gabashin Faransa ƙarƙashin Janar Patton, ba nisa da inda Leclerc yake.

Sunan dai an riƙe. Sojojin ƙafa na sabuwar rundunar aka kira su Rejimantin Chadi, kuma da wannan suna suka shiga tarihi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Gurbin da aka bari kuwa aka cike shi da duk farin da aka samu: matasan da suka gudo daga Faransa ta duwatsun Spaniya, Turawan Aljeriya, 'yan Labanan, sojojin ruwa da ba su da jirgi aka ba su motocin farautar tanka, har da fitaccen ɗan fim Jean Gabin a cikinsu. Larabawa da Berber na Maroko da Aljeriya an bar dubbai daga cikinsu, don ba yadda za a yi a cika adadin ba tare da su ba, sai aka lissafa su kusa da farare. Akwai mata masu tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, ƙungiyar da wata Ba'amurkiya Florence Conrad ta kafa. Mafi wuyar haɗi shi ne na hafsoshin De Gaulle da na Vichy, mutanen da jiya-jiya suke harbin juna a Siriya da Gabon, yau an ce su ci abinci a teburi ɗaya. Leclerc, da sandarsa da zafin ransa, ya iya ɗinke wannan ɓaraka, kuma dole a yaba masa. Ɗinkin ne dai aka yi shi bayan an yanke wani gefen ƙyallen an yar.

Baƙar fata ɗaya da aka tabbatar ya shiga Paris da rundunar shi ne Claude Mademba Sy, jikan gidan sarautar Sansanding, wanda takardar zama ɗan ƙasar Faransa ta cece shi daga tankaɗen. Daga baya ya zama babban hafsa a sojan Senegal, ya yi jakadanci, ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar haƙƙin mazan jiya na Afirka har rasuwarsa a 2014. Éboué kuwa bai ga ranar ba. Ya rasu a Alƙahira a watan Mayun 1944.

A Afrilun 1944 rundunar ta tafi Ingila, ta yi atisaye a Yorkshire, ta sauka gaɓar Normandi ranar 1 ga Agusta, kusan wata biyu bayan babbar saukar sojojin ƙawance. Ta ƙwace Alençon ranar 12 ga wata. Eisenhower bai yi niyyar shiga Paris da wuri ba, don ciyar da miliyoyin mutanen birnin zai cinye man da tankoki ke buƙata, amma mutanen gari suka yi bore, De Gaulle ya matsa, Leclerc ma ya riga ya tura 'yan leƙe ba da izini ba. Da yammacin 24 ga Agusta, da ya ga an tsaya cak a kudancin birnin, ya kama Kyaftin Raymond Dronne, wanda ya bi shi tun daga Kamaru, ya ce ya kutsa ta kowace hanya ya gaya wa mutanen Paris gobe runduna na tafe. Dronne ya ɗebi tankoki uku da wasu motocin sulke ya bi ta lunguna, ya isa gidan magajin gari da dare, ƙararrawar majami'u ta ɗauka ko'ina.

Su wa ke cikin motocin? Kamfani na tara na Rejimantin Chadi, wanda kusan dukkansa 'yan Spaniya ne, mutanen da Janar Franco ya ci da yaƙi a 1939 suka gudo. A jikin motocinsu an rubuta sunayen wuraren da suka yi gumurzu a ƙasarsu, Guadalajara, Teruel, Ebro. Wato sojojin Faransa na farko da suka shiga Paris sunan Chadi suke ɗauke da shi, yaren Spaniya suke ji, motar Amurka suke ciki. Washegari Janar von Choltitz ya sa hannu kan takardar miƙa wuya, De Gaulle ya yi jawabinsa da ya ce Paris ta 'yantar da kanta da taimakon sojojin Faransa. Rundunar Amurka ta huɗu da ta shigo ta gabas ta sami ɗan ambato kaɗan, 'yan Spaniya ba su samu ba. Su ma an manta da su shekara sittin, sai a 2004 birnin ya fara kafa musu alluna, a 2015 aka sa wa wani lambu sunansu a gaban Sarkin Spaniya. Sun yi tsammanin bayan Hitila za a juya kan Franco. Ba a juya ba.

A fagen fama rundunar ta nuna ta iya aikinta. A Dompaire, tsakiyar Satumba, ta ragargaza wata sabuwar birged ta tankokin Panther da taimakon jiragen Amurka. Shigarta Strasbourg kuwa har yau ana koyar da ita a makarantun soja. Jamusawa sun toshe mashigar Saverne, babbar ƙofar duwatsun Vosges, sai Leclerc ya tura tankoki ta ƙananan hanyoyin daji wajen Dabo, cikin ruwan sama da laka, inda ba wanda ya zaci tanka za ta bi, suka ɓullo wa masu tsaron ta baya. Ranar 23 ga Nuwamba 1944 ayarin Kanar Rouvillois ya faɗa cikin birnin, wani soja mai suna Maurice Lebrun ya hau hasumiyar majami'ar, mai tsawon mita 142, ya ɗaura tuta. An cika rantsuwar Kufra bayan shekara uku da wata takwas.

Kwana takwas bayan haka, ranar 1 ga Disamba, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wa 'yan Afirka wuta, tsofaffin fursunonin yaƙi da aka dawo da su suna neman albashinsu da aka riƙe. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna ganin adadin ya ninka haka nesa ba kusa ba. Ba mutanen Leclerc ne suka yi harbin ba, ba kuma 'yan Kufra aka harba ba, amma ban iya karanta kwanan wata biyun nan a rabe. A wannan kakar ce kuma aka janye dubban baƙaƙe daga sauran rundunonin Faransa da suka sauka ta kudu, aka tuɓe musu kaki da bindiga aka ba samarin Faransa da suka fito daga daji. Namu na wannan gefen, da Ingila ta kai Bama a runduna ta 81 da ta 82, aƙalla ba a tuɓe musu kaki ana gab da cin nasara ba, ko da yake su ma sun dawo sun tarar alkawari ya zama iska.

Sauran yaƙin ya wuce da sauri: sanyin Alsace, wani aiki a Royan a gaɓar yamma da bai ƙara wa kowa daraja ba, sai tseren shiga Bavariya, inda suka isa Berchtesgaden, gidan hutun Hitila, a farkon Mayun 1945, suna gardama da Amurkawa kan wanda ya riga. Akwai tabo ɗaya da masu yabon Leclerc ba sa son a taɓo. A Bad Reichenhall an kawo masa Faransawa goma sha biyu da suka yi wa rundunar SS aiki. Ana ba da labarin ya tambaye su ba su ji kunyar sa kakin Jamus ba, ɗayansu ya mayar masa cewa ai shi ma na Amurka ne a jikinsa. Ranar 8 ga Mayu, ranar da yaƙin ya ƙare, aka harbe su ba shari'a. Maci amana ne ya faɗi maganar, amma ta taɓa inda ke ciwo.

Bayan yaƙi rundunar da ta yi suna da 'yantar da ƙasa sai ta koma aikin hana wasu 'yanci. Leclerc ya sa hannu a madadin Faransa kan takardar miƙa wuyan Japan ranar 2 ga Satumba 1945, ya wuce Saigon da wani yanki na rundunar ƙarƙashin Jacques Massu don mayar da Indochina hannun Faransa. Ya shiga Hanoi a Maris 1946, ya gana da Ho Chi Minh, kuma a nan ya fi 'yan siyasar Paris hangen nesa, don ya gane ƙarfin soja kaɗai ba zai kashe kishin ƙasa ba, ya ba da shawarar a sasanta. Ba a ji ba. A wannan watan aka rushe 2e DB a hukumance. Shi kuma ya mutu ranar 28 ga Nuwamba 1947, jirginsa ya faɗi kusa da Colomb-Béchar a hamadar Aljeriya, yana ɗan shekara 45, aka ba shi muƙamin Marshal a 1952 yana kabari. Massu, wanda ya taso daga Tibesti tare da shi, shi ne ya jagoranci murƙushe birnin Aljiyas a 1957, inda azabtar da fursunoni ya zama aikin yau da kullum. Mutumin da ya taya korar sojojin Hitila daga Paris ke nan.

Su kuwa mazan jiyan da aka bari a baya, sai aka bi su da wata dokar. A Disamban 1959, ana gab da ba ƙasashensu mulkin kai, majalisar Faransa ta yi dokar daskarar da fenshonsu, na Faransawa kuwa ya ci gaba da hawa. Bayan shekaru, tsohon soja a Sarh ko Moundou yana karɓar ɗan abin da bai kai rubu'in na abokin yaƙinsa da ke Lyon ba. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, bayan ya riga ya rasu. Cikakken daidaito bai zo ba sai 2011. Duk wanda ya tsaya a Kufra yana ɗan shekara ashirin, a lokacin ya kai casa'in, in yana raye.

A Faransa sunan bai taɓa dusashewa ba. Da wuya ka shiga gari ba ka ga titin Janar Leclerc ba. A Paris akwai lambu mai sunan rantsuwar Kufra, kuma an jera duwatsun tunawa daga gaɓar Normandi har Strasbourg, a garuruwan da rundunar ta bi. Layin duwatsun daga bakin teku ya fara, kamar daga ruwa rundunar ta fito. An sake kafa ta a ƙarshen shekarun 1970, a 1999 aka rage ta ta zama birged, kuma babbar tankar yaƙin Faransa ta yau sunanta Leclerc. A Douala kallon ya bambanta: wani ɗan gwagwarmaya, André Blaise Essama, ya sha sare kan gunkin Leclerc da ke tsakiyar birnin, ana ɗaure shi, ana gyara gunkin, yana fitowa yana komawa, yana cewa wurin na jaruman Kamaru ne.

Hamadar kanta ta ba da tata amsar a 1987. Libiya ta Gaddafi ta mamaye arewacin Chadi da ɗaruruwan tankokin Rasha. Sojojin Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka fito mata da motocin Toyota a-kori-kura, an ɗora musu makaman fasa tanka da Faransa ta bayar, suna gudu a kan rairayi suna zagaye tankokin kafin bakin igwarsu ya juyo. Fada ta faɗi a Janairu, Wadi Dum a Maris, a Satumba kuma suka tsallaka cikin Libiya suka ragargaza sansanin Ma'atan as-Sarra, a kan rijiyar nan da ayarin Leclerc ya bi a hanyarsa ta Kufra. Yawancin waɗannan mayaƙa 'yan arewa ne, ba jikokin Sara ba, kuma gwamnatin Hissène Habré da suka yi wa yaƙi tana da nata jinin a hannu. Amma dabarar ita ce ta 1941, mota mara sulke da sanin ƙasa, kuma wannan karon ba Bature a gaba. Ƙasar da aka ce 'ya'yanta ba su isa su hau tanka ba ita ce ta nuna wa makarantun soja na duniya yadda ake kashe ta da araha.

Sojojin Faransa sun ci gaba da zama a Chadi shekara da shekaru bayan mulkin kai, suna ɗaga wannan shugaba suna kare wancan. Nijar ta sallame su a ƙarshen 2023. Ranar 28 ga Nuwamba 2024 gwamnatin N'Djamena ta soke yarjejeniyar tsaron da ke tsakaninta da Paris, sa'o'i kaɗan bayan ministan harkokin wajen Faransa ya bar garin. A Disamba aka miƙa sansanin Faya-Largeau, inda ayarin Kufra ya yi shiri, sannan Abeche, sannan na N'Djamena a ƙarshen Janairun 2025. Birged ta biyu tana nan da hedkwatarta a gefen Strasbourg, Rejimantin Chadi kuma yana barikin Meyenheim a Alsace tun 2010, kuma duk shekara a farkon Maris ana tunawa da rantsuwar Kufra.